Ɗauke Wutar da Ta Ceci Kamfanin Maersk

A ranar 27 ga Yuni, 2017, kwamfutocin Maersk, katafaren kamfanin jigilar kwantena na ƙasar Denmak, suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Kafin a ankara, ofisoshinsa a faɗin duniya sun tsaya cik, manyan motoci sun yi dogon layi a ƙofar tashoshin jiragen ruwa, babu mai iya faɗin me ke cikin wace kwantena.

Muguwar manhajar da ta yi wannan aika-aika ana kiranta NotPetya. Ba ta ƙofar da ake gadi ta shigo ba. Masu kutse sun cusa ta ne cikin sabuntawar M.E.Doc, wata manhajar lissafin haraji da kamfanoni ke amfani da ita a Yukiren, kuma ofishin Maersk da ke Odesa yana da ita. Daga nan ta bazu ta hanya biyu: wata ɓaraka a Windows wadda Microsoft ya riga ya fitar da maganinta tun watan Maris, da kuma satar kalmomin sirrin da ta tarar a kwamfutocin da ta kama. Ta nemi fansar dala 300 a kan kowace kwamfuta, amma yaudara ce, domin ko an biya bayanan ba sa dawowa. Daga baya Amurka da Birtaniya sun ɗora laifin a kan sojojin Rasha.

Ga inda ya kamata duk mai kamfani ya kasa kunne. Akwai wasu manyan kwamfutoci, cikin waɗanda ake kira uwar garke, da ke riƙe da rajistar ma'aikata da izinin kowa: wa zai shiga ina, da wace kalmar sirri. Maersk yana da irinsu kusan 150, kowacce tana kwafar 'yar'uwarta, don haka aka ɗauka ko ɗaya ta lalace sauran suna nan. Sai dai duk a haɗe suke. Rumbuna ne da aka jera gefe da gefe, gobara ɗaya ta lashe su.

Guda ɗaya tak ta tsira, a ofishin kamfanin da ke Gana. An ɗauke wuta kafin harin, na'urar ta rabu da sauran, cutar ba ta same ta ba. Da yake ma'aikatan can ba su da bizar Ingila, inda ake aikin gyaran, sai ɗayansu ya kai faifan ajiyar zuwa Nijeriya, wani ya karɓa ya wuce da shi Landan. Da shi aka soma farfaɗo da kamfanin. Cikin kwana goma aka sake girka uwar garke 4,000 da kwamfutoci 45,000, asarar kuma ta kai dala miliyan 250 zuwa 300.

Ni a ganina, ajiyar da ke jone da sauran kwamfutoci dare da rana ba ajiya ba ce. Banki ne, asibiti ne, ko ƙaramin kamfani mai ma'aikata ashirin, dole a samu kwafin bayanai guda da aka cire, aka ajiye a wani gini dabam.

Sauran matakan sanannu ne, sakaci ne kawai ke hana su: a sabunta manhaja da zarar gyara ya fito, a raba kwamfutocin sashe-sashe don kada cutar ofishin kuɗi ta tsallaka ma'ajiyar kaya, a rage masu riƙe da babban izini, a kuma ƙara lambar tabbatarwa ta waya a kan kalmar sirri.

Kwafin bayanan da aka ajiye ma sai an riƙa jarraba shi. A ware rana, a ɗauko shi, a tayar da kwamfuta da shi, a ga awa nawa aikin zai ci, kuma wa ya iya yin sa idan shugaban sashen kwamfuta ba ya gari.