NA'URAR GANO KIFI: ABIN DA YA KAMATA MASUNCI YA SANI KAFIN YA KWANCE LALITARSA

A bakin tekun Senegal, daga Sanluwi har zuwa Kayar da Mbur, masunta da yawa ba sa tura kwale-kwale cikin ruwa sai da ƴar na'urar nan mai nuna hanya da ake kira GPS, wasu kuma har da wadda ke nuna kifi a ƙarƙashin jirgi. Labarin ya iso kogin Isa da tabkunan ƙasarmu. Amma masuncin da ya tara ƴan kuɗinsa da gumi, tilas ya san abin da zai saya, domin sayen da babu sani asara ne.

YADDA TAKE AIKI

Kamfanin Furuno na ƙasar Japon ne ya fara fitar da irin wannan na'ura kasuwa a shekarar 1948. Tana da kashi biyu: allo wanda masunci ke dubawa, da wani ƙaramin kunne da ake nutsarwa cikin ruwa. Kunnen yana aika sauti ƙasa, sautin kuwa yana tafiyar kusan mita 1.500 cikin daƙiƙa ɗaya a ruwa. Idan ya bugi ƙasa ko kifi sai ya dawo, na'urar ta lissafa lokacin da ya yi, ta zana zurfin a allo. Jakar iskar da ke cikin cikin kifi ita ce ta fi mayar da sautin, watau ita ke tona asirinsa.

ZURFI SHI NE ALƘALI

Na'urorin suna da murya iri-iri. Mai kilohaz 50 ta babban zurfi ce, irin na teku. Mai 200 ita ce ta ruwan da bai kai can ba, kuma ta fi bayyana ƙananan abubuwa. Ke nan wanda ke su a kogi ba shi da dalilin biyan kuɗin ta teku.

Akwai wani lissafi kuma da masu sayarwa ba su cika faɗa ba. Sautin yana sauka ne kamar mazurari a kife, kuma faɗin wurin da ƙaramar na'ura ke gani galibi kusan kashi ɗaya cikin uku ne na zurfin ruwan. A zurfin mita 9 tana ganin faɗin mita 3. A zurfin mita 3, mita 1 kacal. Saboda haka a tabkin Cadi, inda ruwa ya bazu babu zurfi, ga ciyawa, ko a tabkuna irin na Madarumfa da Tabalak idan rani ya tsananta, amfaninta kaɗan ne. Inda za ta biya kuɗinta shi ne gurabe masu zurfi na kogi, maɓoyar giwan ruwa. Tarwaɗa kuwa, da yake kwanciya take yi a laka, da wuya allo ya raba ta da ƙasa.

Mai jirgin katako ya lura: sautin ba ya ratsa katako da kyau. Dole a ɗaura kunnen a waje, a bayan jirgi ko a jikin sanda ta gefe, nesa da kumfar inji, a kuma ɗaga shi kafin a taɓa rairayi.

ME ZA A FARA SAYA?

Rai ya fi kifi. Rigar ceto da fitila su ne kan gaba. Bayansu GPS, wadda ta fara cikakken aiki a 1995, kuma tun shekarar 2000 da Amurka ta daina rage mata daidaito take nuna wuri da kuskuren ƴan mitoci kawai. Ba ta bukatar layin waya, ba a biyan ko dala don a yi amfani da ita. Da ita masunci zai riƙe wurin da ya dasa mamari ko kalli, da dutsen da ke fasa jirage, ya koma gida ko da ƙurar hunturu ta rufe gaɓa. Wayar hannu ta zamani ma tana wannan aiki, in an sa ta cikin jakar da ruwa ba ya shiga.

Kamfanoni irin su Garmin da Lowrance da Humminbird suna ƙera ƙananan na'urori da suka haɗa aikin biyu. Mai ƙaramin allo ta isa, muddin ana ganinsa cikin rana. A duba alamar IPX7, wadda ke nufin na'ura za ta jure nutsewar mita 1 har minti 30. Batir mai volt 12 take ci. Ƙaramin batir mai amfa 7 zai riƙe na'urar da ke jan rabin amfa kusan awa 14, farantin hasken rana kuma ya cika shi. Taswirorin teku masu tsada ba su da amfani a nan.

Inda kuɗin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ƙungiyar masunta za ta iya sayen guda, a auna gurabe tare, kowa ya amfana. Sai dai na'ura ba ta haifar da kifi. Idan aka bi shi har maɓoyarsa lokacin da yake ƙwai, ko aka tace ruwa da taru mai ƙananan idanu, baɗi allon zai nuna ƙasa kawai. Shawarar sarkin ruwa da dokar ma'aikatan ruwa da dazuzzuka suna nan a matsayinsu, kuma masuncin kirki da su zai haɗa sabon kayan aikinsa.