Dutse na Uku a Gardamar Rage Ƙiba

Duk wanda ya taɓa leƙa madafi ya san tukunya ba ta zama a kan duwatsu biyu. Murhu sai da uku. Biyu suna gaba, kowa na ganinsu, tsakaninsu ake cusa itace. Na ukun yana can baya wajen bango, tukunya ta kare shi, toka ta binne gindinsa, hayaƙi ya mai da shi baƙi ƙirin. Ba mai kula da shi, amma ranar da ya goce, miya a ƙasa za ta kwana.

Hujja ma haka take. Mai magana zai nuna maka dalilansa biyu, ya ɗora hukunci a kai, alhali akwai wani abu na uku da ya ɗauka a ransa bai furta ba, kuma nauyin maganar a kansa yake. Jarrabawar GMAT, wadda ake yi don shiga manyan makarantun kasuwanci a Amurka da wasu ƙasashe, tana da tambayoyi na musamman a kan gano wannan ɓoyayyen zato. Mu kuwa ba sai mun shiga ɗakin jarrabawa ba, hirar rage ƙiba da tumbi kaɗai ta ishe mu filin gwaji.

Bayan ƙaramar Sallah za ka ji ana cewa: "Wata guda cur na yi azumi, ko kilo ɗaya ban ragu ba. Ni dai jikina ba ya ƙona abinci." An yi azumi, gaskiya ne. Sikeli bai motsa ba, shi ma gaskiya ne. Abin da ba a faɗa ba shi ne wai jimillar abin da ya shiga ciki a watan ta ragu. To a duba tiren buɗa-baki: dabino, kunun gyaɗa da sukari ya ji, ƙosai yana naso a takarda, soyayyen dankali da ƙwai, zoɓo mai sanyi. Bayan tarawihi ga tuwo, da asuba ga sahur. Lokacin cin ne ya sauya, yawan cin yana iya zama yadda yake. A 1992 wasu masu bincike a New York sun auna mutanen da suka dage cewa ba sa cin abin da ya kai kalori 1,200 a rana amma ba sa ramewa. Aka tarar jikinsu yana ƙona kuzari daidai da girmansa. Lissafinsu ne ya karkace: sun rage kusan kashi 47 cikin 100 na abin da suke ci, sun ƙara wa motsa jikinsu kusan kashi 51. Ba lalle ne ƙarya suka shirya ba, loma ce ba ta da wuyar mantawa.

Dabarar gano dutsen mai sauƙi ce: janye shi ka gani. Ɗauki abin da kake zargin an ɗauka, ka ce ba haka ba ne. In hukuncin ya kife, ka samo shi. In ya tsaya daram, abin da ka janye itace ne kawai, yana ƙara wa maganar wuta amma ba a kansa take zaune ba.

Wata hujjar ta fi ta mai azumi ƙarfi, domin akwai ilimi a bayanta. Ana cewa in mutum ya takaita ci, jikinsa sai ya rage ƙona kuzari, saboda haka duk wanda ya rame ƙibarsa za ta dawo, wahalar banza ce. Farkon maganar tabbas ne. A gwajin Minnesota na 1944 zuwa 1945, Ancel Keys ya sa maza 36 cikin ƙarancin abinci na mako 24. Sun zubar da kusan rubu'in nauyinsu, kuzarin da jikinsu ke ƙonawa a lokacin hutu ya faɗi da kusan kashi 40 cikin 100. A 2016 kuma Kevin Hall da abokan aikinsa suka bi sawun mutum 14 da suka yi gasar rage ƙiba ta talabijin mai suna The Biggest Loser. Shekara 6 bayan gasar, jikinsu yana ƙona kimanin kalori 500 a rana ƙasa da abin da girmansu ya kamata ya ƙona.

To ina dutsen baya? Kafin a ce "dole ta dawo", sai an ɗauka cewa mutumin zai koma cin fiye da abin da sabon jikinsa ke buƙata. Janye wannan, a ce ya riƙe cinsa daidai da buƙatar, sai "dole" ta rasa wurin zama. An kuma ɗauka cewa abin da ya sami waɗanda suka zubar da kimanin kilo 58 cikin mako 30 a gaban kyamara shi zai sami magidancin da ya daina zuba sukari cokali huɗu a shayi. Ko a cikin 'yan gasar, matsakaicin abin da ya dawo kilo 41 ne, ba duka ba. Sai dai a yi adalci: wannan dutsen ba ruɓaɓɓe ba ne gaba ɗaya. Jikin da ya rame yana ƙara jin yunwa, riƙe baki na shekaru kuwa ba wasa ba ne. Abin da hujjar ta tabbatar shi ne aikin da wuya. Ba ta tabbatar da cewa ba ya yiwuwa ba.

Mai tallar shayin rage tumbi kuwa, nasa murhun bai ko daidaita ba. "Hajiya wance ta sha, kilo 5 ta sauke cikin mako 2." An ɗauka cewa shayin kaɗai ya sauya a rayuwarta, kuma abin da ya fita kitse ne. Kilo ɗaya na kitsen jiki ya kai kimanin kalori 7,700. Kilo 5 cikin kwana 14 na nufin giɓin kalori 2,750 kowace rana, fiye da abin da mata da yawa ke ƙonawa dare da yini. Da yawan irin waɗannan shayin akwai filasko a ciki, kowa kuwa ya san aikin filasko. Ruwa da bayan gida ne suka fita, kwana kaɗan sikeli zai koma inda yake.

Haka nan mai cewa "shekara arba'in ce ta kawo mini tumbi" ya ɗauka jikinsa ne ya yi sanyi, ba tafiyar ƙasa ce ta koma hawan mota ba. Binciken da Herman Pontzer ya jagoranta a 2021, na mutum fiye da 6,400 daga ƙasashe 29, ya nuna ƙona kuzari ba ya wani sauyawa tsakanin shekara 20 da 60 in an yi la'akari da girman jiki.

Saboda haka kafin ka sayi magani, ko ka yanke ƙauna da jikinka, tambayi mai magana abin da ya ɗauka bai faɗa ba, ka juya shi, ka ga ko hukuncinsa zai tsaya. In kana da ciwon suga ko hawan jini, kada ka sauya tsarin cinka a kan zancen majalisa ko tallar WhatsApp, je ka ga likita tukuna.