Yanayin Ƙasa da Zamantakewa a Matsayin Tushen Talauci: Nazari a kan Danwarai da Kewayenta

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu duba dalilin da ya sa talauci ya yi katutu a yankin da Allah ya hore wa ƙasar noma da kasuwa, watau Jega da Aliero da Maiyama ta Jihar Kebbi, inda Danwarai take cikin ƙasar Aliero. A binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022, kashi 72 cikin ɗari na mazauna karkarar Nijeriya matalauta ne ta fuskoki da dama, alhali a birane kashi 42 ne. Sai dai adadi ba ya bayyana hanyar da talauci ke bi ya shiga gida.

Ƙasar nan kashi biyu ce: fadama da tudu. Mai gona a fadamar Gulbin Zamfara, wanda ya ratsa ta Jega, yana iya noma damina da rani, amma yana cikin barazanar ambaliya, kamar wadda ta cinye gonakin shinkafa a jihar a 2020. Manomin tudu kuwa damina ɗaya gare shi, ta kimanin wata huɗu. In ta ƙare, ko dai ya sami rijiya da injin ban-ruwa, ko ya tafi cin rani. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, shi kansa ban-ruwan ya ƙara tsada.

A ganinmu, babbar matsalar tana ga lokacin sayarwa, kuma albasar da Aliero ta yi suna da ita ce ta fi nuna haka. Manoma kan cire ta kusan lokaci guda, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi. Mai hali yakan zuba tasa a rudu ya jira tsada, ko da yake wani kaso zai ruɓe. Shi kuwa ƙaramin manomi, wanda ya ci bashin taki da iri da mai, ba shi da ikon jira. Dole ya sayar nan take, sau da yawa ma ga wanda ya ba shi bashin. Saboda haka ribar takan tsaya a hannun dillali da fatake masu lodi zuwa Kudu. Wanda ƙauyensa ke nesa da titin Sakkwato zuwa Yawuri kuma, kuɗin ɗauko kaya ya ƙara rage masa abin da ya samu.

Har ila yau, rabon gado na daddatsa gona daga zuriya zuwa zuriya, ga iyali na ƙaruwa. Gidan da gonarsa ta ƙanƙance shi ne kan fara cire yaro daga makaranta don aikin ƙodago, yarinya kuma don talla. An kafa jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero a 2006, amma ɗan da bai gama firamare ba, kusancinta bai amfane shi da kome ba.