Ƙwayar Linux da Wayar Manomi

Duk wanda ya ratsa ƙauyukan da ke tsakanin Bichi da Dambatta, inda gona ke jingine da gona har ba a ganin saura, zai tarar da wayar Android a aljihun manomi, da ita yake jin farashin gero da taki, da ita yake sauraron tafsirin malamai. Amma ƙalilan ne suka san cewa asasin wannan na'ura wata ƙwayar manhaja ce, Linux, wadda Linus Torvalds ya soma rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki. Ita ke raba wa manhajoji lokaci da ma'adanar bayanai, ta isar da umarninsu ga allo da kyamara, tamkar mai rabon ruwan noman rani a Watari, ya buɗe wa wannan fangali ya toshe wa wancan.

Ƙwayar ba ta zauna wuri ɗaya ba: sigar 3.0 ta fito a 2011, ta 6.0 kuwa a 2022. To, me zai hana a ciro tsohuwa a dasa sabuwa? Illar tana ga direbobi, wato ƙananan manhajojin da maƙeran sassan waya ke rubutawa daidai da siga guda, galibi kuma su ɓoye asalin rubutun. Alhali ma'abota Linux, duk da tsananin kiyayewarsu kada sauyi ya karya manhajojin jama'a, ba su taɓa ɗaukar alkawarin barin tsarin cikin ƙwayar yadda yake ba. Idan aka tsallake shekara goma a tashi ɗaya, sai allo ya ƙi haske, ko wayar ta kasa kama sabis. Shi ya sa mai gyara a kasuwar Farm Centre ta Kano, komai gwanintarsa, in ya yi wa waya fulashin, tsohuwar ƙwayar yake mayar mata.

Talaka ne ke ɗanɗana kuɗar wannan al'amari. A watan Oktoba na 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da ba su kai Android 5.0 ba, ko da lafiyarsu ƙalau. Haƙiƙa Google ya yi yunƙurin gyara tun daga Android 12, ya raba ƙwaya da direbobi domin a iya sabunta ta ita kaɗai, sai dai maslahar ba ta waiwayi tsofaffin wayoyi ba. A ganina haƙƙi ne a kan mai sayarwa ya bayyana shekara nawa za a ci gaba da sabunta waya tun kafin a ƙulla ciniki, domin ɓoye wannan ya yi kusa da garari, wato ciniki cikin rashin tabbas, wanda malaman fiƙihu suka hana, musamman ga wanda ya sayar da buhun geronsa kafin ya mallaki wayar.