Kowa da launin da ya karɓe shi: Yadda ake zaɓen tufafin da suka dace da fata

Da zarar Sallah ta ƙarato, ko kakar bukukuwa ta kama bayan an kawar da amfanin gona, mutanen Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa kan nufi Kasuwar Kantin Kwari da ke Kano domin sayen atamfa da shadda da leshi. Akan duba farashi da inganci da abin da ake yayi, amma ba kasafai ake tambayar ko launin zai karɓi wanda zai sa kayan ba. Sai an biya tela ya ɗinka, sannan a ga fuska ta dushe, kayan kuma su ƙare a ƙasan akwati.

Dalili shi ne, ido ba ya ganin launi shi kaɗai, yana auna shi ne da wanda ke kusa da shi. Michel Chevreul, masanin da ya shugabanci sashen rini a masaƙar Gobelins ta birnin Paris a Faransa, ya bayyana haka a shekarar 1839. An kai masa ƙorafi cewa baƙin zarensu ba ya ƙayatarwa, da ya bincika sai ya gano rinin ba shi da laifi, launukan da aka jera kusa da baƙin ne ke sauya yadda ake ganin sa. Haka tufafi ke yi wa fuska.

Bahaushe ya kasa launin fata zuwa fari da baƙi da wankan tarwaɗa. Sai dai abin da ya fi tasiri wajen zaɓen tufafi shi ne sirkin da ke cikin fatar. Akan sami baƙaƙe biyu, ɗaya fatarsa na da sirkin ja ko na zinare, ɗayan kuma tasa ta karkata ga shuɗi ko toka. Wannan bambanci ya samo asali ne daga yawa da nau'in sinadarin melanin da Allah Ya halicci kowa da shi.

Mai sirkin ja ko zinare, launuka masu ɗumi ne suka fi karɓar sa: ruwan goro, ruwan ɗorawa, ruwan zuma, ruwan ƙasa da koren ganye. Mai sirkin shuɗi kuwa ya fi fitowa a cikin shuɗi, ruwan hanta, ruwan hoda, ruwan toka da fari fat. Misali na kusa shi ne turkudin marinan Kura, baƙin shuɗin nan mai ƙyalli da Abzinawa ke naɗawa, wanda ke ƙara wa irin wannan fata haske. Akwai kuma 'yan tsaka-tsaki, waɗanda kusan kowane launi ke karɓa in bai cika ɗaukar ido ba.

A shekarar 1980 Carole Jackson, 'yar Amurka, ta wallafa littafin da ya yaɗa tsarin kasa mutane gida huɗu bisa launin fata da gashi da ido. Amfaninsa a wurinmu kaɗan ne, tunda galibinmu gashinmu baƙi ne, idanunmu ma kusan iri ɗaya. Gwajin da ya fi dacewa da mu ba ya buƙatar ko sisi. Mutum ya tsaya a inuwa da hantsi, fuska babu hoda, ya kara farin ƙyalle a ƙasan haɓarsa yana kallon madubi, sannan ya sauya shi da mai ruwan madara. Idan farin ne ya sa fuska ta washe, yana cikin masu sirkin shuɗi. Idan mai ruwan madarar ne, yana cikin masu sirkin zinare. Mata na iya maimaita gwajin da sarƙar gwal da ta azurfa. A kasuwa kuma, a nemi izinin mai shago a fito da yadin bakin ƙofa, domin hasken ƙwan lantarki kan ɓoye ainihin launi.

To, ina makomar wanda anko ya tilasta masa launin da bai karɓe shi ba? Abin da ke kusa da fuska shi ne ke yin aikin, don haka mayafi ko ɗankwali ko hula ko aikin wuyan riga na iya gyara lamarin. Zai yi kyau masu fitar da anko su bar wa kowace mace zaɓin mayafinta.

Babban kuskure shi ne tunanin cewa sai farar fata kaya ke karɓa, wanda ke jefa wasu cikin shafa man bilicin. A shekarar 2023 Hukumar NAFDAC ta yi kakkausan gargaɗi kan waɗannan mayuka, waɗanda wasunsu ke ɗauke da sinadarin makuri mai illa ga ƙoda. Bayan haka sukan bar fata dabbare-dabbare, ta yadda da wuya a sami launin da zai dace da ita. Sauya yadi ya fi sauya fata sauƙi da araha. Dama Hausawa sun ce, kowa da kiwon da ya karɓe shi.