Shin Ko Kun San? Sunan da ake rubutawa da tsuntsaye, a karanta da shaho

Shin ko kun san a ƙasar Japan akwai dangin da idan suka rubuta sunan zuri'arsu, abin da ido zai gani a takarda shi ne "ƙananan tsuntsaye suna wasa", amma idan aka zo faɗa da baki sai a ce Takanashi, wato "babu shaho"? Haruffa uku ne irin waɗanda Japanawa suka aro daga ƙasar Sin, suke kira kanji: na farko yana nufin ƙarami, na biyu tsuntsu, na uku wasa. Duk cikinsu babu wanda ake furtawa taka ko nashi. Dole mai karatu ya tsaya ya yi tunani: yaushe 'yan tsuntsaye ke sakin jiki su yi wasa? Sai ranar da shaho ba ya kusa. To, taka shi ne shaho, nashi kuwa babu. Kacici-kacici ne sukutum aka mayar sunan gida, ana gadonsa daga kaka zuwa jika.

Masu wannan suna da wannan rubutu ba su wuce 'yan gomomi ba a ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 120, kuma lardin Wakayama ne aka fi sanin su da shi. Amma marubuta labaran zane da masu shirya finafinan katun sun ƙwallafa rai a kan sunan, suna ta laƙaba wa jarumansu, har ta kai masu shi a cikin littafi da allon talabijin sun fi shahara nesa ba kusa ba a kan masu shi a zahiri. Akwai kuma wani Takanashi na yau da kullum, wanda ake rubutawa da haruffa biyu, "dogo" da wani ɗan itace da suke kira nashi. Shi wannan dubban mutane ne ke da shi, ciki har da Sara Takanashi, gwanar tsalle kan ƙanƙara wadda ta ci lambar tagulla a gasar Olamfik ta hunturu ta 2018. A kunne suna ɗaya ne, a takarda kuwa hanyar jirgi daban, ta mota daban.

Shin ko kun san akwai mutanen da sunansu kwanan wata ne? A rubuce "ɗaya ga wata na huɗu", a baki Watanuki. A tsohuwar kalandarsu, ranar ce sanyi ya juya baya, mata ke farke tufafin hunturu su zare audugar da aka cusa a ciki, tufar ta koma ta bazara. Wata a harshensu auduga ce, nuki kuma zarewa. Bahaushe zai yi murmushi a nan, domin kalmar da mu muke ƙirga kwanaki da ita, su auduga suke nufi, ga ta kuma ta faɗo daidai cikin sunan da ya shafi ƙirgar wata. Wannan dacewa ce kawai, harsunan ba su haɗa komai ba.

Ɗan'uwansa shi ne "ɗaya ga wata na takwas", da ake karantawa Hozumi, wato tsinkar zangarniya, saboda a ranar ce manoma ke tsinko zangarniyar shinkafar farko su kai wa waɗanda suke girmamawa. Sai kuma "ƙauyen kallon wata", wanda ake karantawa Yamanashi, "babu dutse", tunda inda tsauni bai tare sama ba nan ake ganin farin wata sosai. Akwai ma lardi mai suna Yamanashi, da wani rubutun daban, kuma duwatsu ne suka kewaye shi ta ko'ina, har gefen arewa na dutsen Fuji yana cikinsa.

Ni waɗannan sunaye uku sun fi kama mini rai. Duk wanda ya ƙirƙire su ya san lokacin sauya tufa, ya san lokacin da shinkafa ke nuna, ya zauna da dare ya kalli sama. Yau a birnin Tokiyo da wuya ka sami mai zare auduga daga rigarsa idan sanyi ya wuce, amma aikin yana nan a rubuce a ƙofar wani gida.

Shin ko kun san sunayen zuri'a a Japan sun haura 100,000? A Koriya ta Kudu, maƙwabciyarsu, kusan mutum ɗaya cikin biyar sunansa Kim. A Japan kuwa, sunan da ya fi kowanne yawa, Sato, bai kai mutum biyu cikin ɗari ba, duk da cewa masu shi sun kusa miliyan biyu. Suzuki ke biye masa, sai Takahashi, sai Tanaka.

Asalin wannan yawa yana da tarihi. A zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, amfani da sunan zuri'a a gaban hukuma gata ne na mayaƙan samurai da manyan fada da wasu 'yan tsiraru da aka yi wa alfarma, tamkar yadda rataya takobi yake. Talaka manomi ko ɗan kasuwa, sunan yankansa kawai hukuma ta sani. Da gwamnatin Meiji ta zo, a 1870 ta ce kowa na iya amfani da sunan zuri'a. Jama'a suka yi biris, wasu na zargin dabarar ƙara haraji ce. Gwamnati kuwa tana son sanin wa za ta ɗauka soja, wa zai biya haraji, don haka a ranar 13 ga Fabrairu 1875 ta mayar da abin dole. An daɗe ana ba da labarin cewa a lokacin ne limaman wuraren bauta da masu unguwanni suka yi ta raba wa mutane suna yadda suka ga dama. Hakan ya faru a wasu wurare, amma masana tarihi sun gano a tsofaffin takardun wuraren bauta cewa manoma da yawa suna da sunayensu tun tuni, hana su rubutawa a takardar hukuma kawai aka yi.

Yawancin sunayen daga ƙasa suka fito. Tanaka "tsakiyar gonar shinkafa", Yamamoto "gindin dutse", Inoue "saman rijiya", Takahashi "doguwar gada". Mu da muka saba da jin Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa, ba za mu yi mamakin mutum ya ɗauki sunan wurinsa ba. Bambancin shi ne, su sau da yawa har kan kwanar rafi ko gindin bishiya suke gangarawa.

A unguwar Shinminato da ke birnin Imizu a lardin Toyama, tsohon garin masunta da 'yan kasuwa, sana'a da haja ne suka zama suna. Akwai gidan Tsuri, kamun kifi da fatsa. Gidan Ami, taru. Gidan Uo, kifi. Gidan Ebi, jatan lande. Gidan Kome, shinkafa. Gidan Ame, alewa. Gidan Daiku, kafinta. Ka bi layin da karatun allunan ƙofa, kamar kana zaga kasuwa rumfa-rumfa. Can kudu kuma, a Ibusuki ta lardin Kagoshima, akwai wani tafki da ƙauye a gefensa mai suna Unagi, sunan wani dogon kifi mai siffar maciji. Daga nan sunan zuri'ar Unagi ya fito, kuma masu shi yanzu 'yan ƙalilan ne ƙwarai.

Shin ko kun san shugaban kamfanin Canon da ya daɗe yana jan ragama, Fujio Mitarai, haruffan sunansa su ne dai waɗanda ake rubutawa a ƙofar ban-ɗaki? Asalin ma'anar mai tsarki ce: wurin da mai ziyara ke wanke hannu da baki kafin ya shiga wurin bauta. Daga baya ne aka ari haruffan, da wani furuci daban, aka sakaya sunan makewayi da su. A lardin Oita, mahaifarsa, sunan ba baƙo ba ne.

Sunaye mafi tsawo a rubuce haruffa biyar gare su, kuma biyu aka sani: Kadenokoji, na wani gidan fadawa da ya ɗauko sunan wani titi a Kiyoto, da Saemonsaburo. Mafi gajarta harafi ɗaya ne, kuma tsibiran Amami sun yi fice da irinsu, saboda sarakunan Satsuma da suka mallake su sun tilasta wa waɗanda aka ba suna su tsaya a harafi guda, don a bambanta su da mutanen babban tsibiri. Mawaƙiya Chitose Hajime 'yar can ce, harafi ɗaya tal sunan gidansu. A Okinawa ma, bayan Satsuma ta ci masarautar yankin, Ryukyu, da yaƙi a 1609, an hana mutane rubuta suna irin na Japanawa, sai aka sauya haruffa. Shi ya sa Gichin Funakoshi, wanda ya kai wasan karate babban tsibiri, da haruffa uku gidansu ke rubuta sunan da sauran Japanawa ke rubutawa da biyu. A Okinawa Sato ba shi da ta cewa, Higa da Kinjo da Oshiro ne ke gaba.

Shin ko kun san babur ɗin da ke ƙofar gidanku sunan wani gida ne? Honda "gona ta asali", daga Soichiro Honda. Kawasaki "tsinin ƙasa a bakin kogi", daga Shozo Kawasaki. Suzuki daga Michio Suzuki, wanda ya fara da ƙera injin saƙa a Hamamatsu a 1909. Yamaha kuwa, "ganyen dutse", suna ne da ba kasafai ake cin karo da mai shi ba ko a Japan. Torakusu Yamaha mai gyaran agogo da kayan asibiti ne, aka kira shi ya gyara wani kayan kiɗa na makarantar firamare a Hamamatsu a 1887, daga nan ya fara ƙera nasa. Babura sai a 1955. Yau wanda bai taɓa ganin Bajapane ido da ido ba ya san sunan. Tayar Bridgestone ma sunan Shojiro Ishibashi ne, "gadar dutse", aka juya zuwa Turanci a 1931. Masu Toyota kuwa Toyoda ne sunansu, "gona mai albarka". An sauya harafin ƙarshe ne har da dalilin cewa sabon rubutun zane takwas gare shi, takwas kuma lambar sa'a ce a wurinsu. A 1959 garin Koromo, inda masana'antar take, ya ajiye sunansa ya ɗauki Toyota.

Gida ɗaya ne a ƙasar ba shi da sunan zuri'a ko kaɗan: gidan sarauta. A da sarki ne ke ba da suna, kamar yadda Sarki Tenji ya ba Nakatomi no Kamatari sunan Fujiwara a 669, wanda daga jikinsa Sato da Ito da Kato da Kondo da Endo suka tsiro. Mai bayarwa kuwa babu wanda ke sama da shi da zai ba shi. Masako Owada ta ajiye Owada ranar da ta auri yarima a 1993, Gimbiya Mako kuma sai da ta auri talaka a 2021 ta sami suna, ta zama Mako Komuro.

Yanzu ga inda abin ke da ciwo. Sashe na 750 na dokar zamantakewa ta Japan ya wajabta wa miji da mata su zauna da sunan zuri'a ɗaya. Doka ba ta ce na wa ba, amma kusan 95 cikin 100 na miji ake ɗauka. Kotun Ƙoli ta tabbatar da dokar a 2015, ta sake tabbatarwa a 2021. Idan gidan da masu sunansa ba su wuce goma ba ya haifi 'ya'ya mata zalla, aure biyu ko uku sun isa su shafe sunan da ya shekara ɗaruruwa. Akwai tsohuwar mafita, wato a ɗauki suruki a matsayin ɗa ya karɓi sunan gidan matarsa. Haka Osamu Matsuda ya zama Osamu Suzuki a 1958, ya kuma shugabanci kamfanin shekaru da dama. Ta hanyar riƙo ne ma Nobusuke Kishi da Eisaku Sato, uwa ɗaya uba ɗaya, dukansu suka yi firaminista da sunaye daban-daban. Sai dai wannan mafita ta fi aiki inda akwai kamfani ko dukiyar da za a gada. Gidan masunci mai suna Unagi ba shi da masana'antar da za ta jawo suruki.

A 2024 Farfesa Hiroshi Yoshida na Jami'ar Tohoku ya yi lissafin cewa idan aka ci gaba a haka, zuwa shekara ta 2531 kowa a Japan Sato zai zama. Lissafi ne na jan hankali, an yi shi ne don taya masu neman a bar kowa da sunansa bayan aure, kuma ba wanda zai rantse a kan abin da zai faru nan da shekara ɗari biyar. Amma alƙiblar da ya nuna gaskiya ce, manyan sunaye na haɗiye ƙanana a hankali.

Masu irin waɗannan sunaye suna shan 'yar wahala kullum. Japanawa hatimi suke bugawa a maimakon sa hannu, suna kiransa hanko. Sato ko Tanaka zai shiga shagon kayan araha ya sayi nasa a shirye, mai baƙon suna kuwa sai ya ba da aiki an sassaƙa masa. A asibiti da banki da ranar farko a makaranta, mai kiran suna zai kalli takarda ya yi shiru.

Shin ko kun san tun da aka buɗe rajistar iyali ta zamani a 1872, haruffa kawai hukuma ke rubutawa, ba ta rubuta yadda ake furta su? Sai ranar 26 ga Mayu 2025 sabuwar doka ta fara aiki, ƙananan hukumomi suka aika wa kowane gida takarda ya duba furucin sunansa, ya gyara idan an yi kuskure. Bayan shekara 153, sai a lokacin aka sami damar rubuta "babu shaho" a gefen "ƙananan tsuntsaye suna wasa" a littafin gwamnati.