Kafin Mu Haddace Maganar Aku

A nan Achida, da yawa cikinmu mukan kwafi jimloli masu daɗi daga Magana Jari Ce na Abubakar Imam mu haddace, ranar jarrabawar adabi kuwa mu yi ta cizon biro. Mai tambaya so yake mu faɗi wanda ya yi maganar, wa ya yi wa, da abin da yake nema da ita.

Mu dubi aku a littafi na ɗaya, wanda ya fito a 1937. Waziri na ƙulla wa Musa makirci, aku kuwa yana jera masa labarai don ya ɗauke hankalinsa, kada ya bar fada. Duk jimlar da muka tsakuro daga bakin aku, mu rubuta wannan dalili a gefenta, da lambar shafi.